Jawabi a Kan Tsumman Jariri

Muna yi muku barka da zuwa, maza da mata, tun ba iyayenmu mata da suka bar aikin gida suka zo da goyo a baya ba. Mun sani waɗansu daga cikin mazan nan yanzu suka taso daga kamfani, waɗansu kuwa da an watse za su wuce aikin dare. Saboda haka ba za mu tsawaita gaisuwa ba.

Abin da za mu yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne, har wani ya ce bai isa a tara manya dominsa ba. Shi ne ƙyallen nan da ake ɗaura wa jariri don ya tare fitsari da kashi. Tsofaffi suna ce masa tsumma, matan yanzu kuwa nafkin. Ga waɗansu can suna murmushi. To, ku yi, amma ku tuna jariri sabon haihuwa yakan ɓata ƙyalle 8, ko 10, har 12 a kwana guda. Ba riga, ba hula, ba wani abu da ke daɗewa manne da fatar yaro kamar wannan ƙyalle. In yana da tsabta, yaro ya yi barci, uwa ta yi barci. In ba shi da ita, gida duka ba mai runtsawa. Wani lokaci ma abin ba ya tsayawa nan, sai an kwana asibiti.

Mun san wata za ta ce, "Ai mu yanzu famfas muke sa wa yara, wa ke ta tsumma?" Gaskiya ne, zamani ya sake. Sunan nan famfas daga Pampers ya fito, wanda wani kamfani na Amurka ya soma sayarwa a 1961, daga baya ya bazu har ya iso nan. Yana da amfaninsa, ba mu musa ba, tun ba ran tafiya ko ran zuwa asibiti ba. Amma 'yan ajin lissafi ku ɗauki fensir. In yaro yana ɓata guda 6 kullum, a mako 42 ke nan, a shekara kuwa 2,190. Kowa ya tambayi kuɗin guda ɗaya a shagon unguwarsu, ya ninka ya gani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka yi tsada, mai ƙaramin albashi ba ya iya wannan ɗawainiya. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Sai a ɗaura wa yaro guda ɗaya tun safe, ba za a kwance ba sai la'asar, don kada a yi asara. Kuɗi dai an adana, amma fatar yaro ce ta biya. Sa'an nan guda 2,190 ɗin nan ba ɓacewa suke yi ba. Leda ce, da wani gari a ciki mai shan ruwa ya kumbura. Ku duba kwatar bakin titi in damina ta faɗi, za ku gan su sun toshe hanya, ruwa ya rasa inda zai bi sai cikin gidaje.

Don haka mata da yawa sun koma ga tsumma, waɗansu kuwa dama ba su taɓa barinsa ba. Mun shiga gidaje a nan Sharaɗa da Ja'en, mun ga yadda ake yi. Wanki kam, ba mu da abin da za mu koya wa matan Kano. Inda ake kuskure shi ne bayan an gama wankin, watau wajen shanya da wajen ajiya. Mace ta sha wahala ta wanke ƙyalle fes, sa'an nan ta shimfiɗa shi a ƙasa, ko ta kwashe shi da sauran laima, ko ta jefa shi akwati tare da kafur. Aikin da ta yi tun safe ya tashi a banza. A nan za mu fi tsayawa, amma bari mu ɗauko abin daga farko.

Farko dai ƙyallen kansa. Auduga ake so, domin ita ke shan ruwa, ita ce kuma ke jure tafasa da guga. Farin nafkin mai kama da tawul, wanda ake sayarwa dozin-dozin a kasuwa, ya yi. Farin alawayyo ya yi. Tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi, shi ma ya yi, ya ma fi sabo, don sabo yana da sitaci, fitsari sai ya bi ta kansa ya wuce. A yanka shi kamar inci 24 kowane gefe, a kalmashe bakin don kada ya zare. Fari ya fi mai launi da abu ɗaya: ba ya ɓoye dauɗa, a kansa kuma uwa za ta gani in kashin yaro ya sake kama ko fitsarinsa ya yi duhu. Dozin 2 sun ishi yaro ɗaya da rani. Da damina a ƙara dozin guda, za ku ji dalili nan gaba.

A yi hankali wajen saye. A dā akwai masaƙu a Bompai da Sharaɗa da Challawa masu saƙa audugar ƙasarmu, iyayen waɗansunku ma a can suka yi aiki. Yawancinsu sun rufe. Yadin da ya cika Kantin Kwari yau, mafi yawansa daga ƙasar Sin ake kawo shi, da yawa kuma roba ce aka yi wa kamannin auduga. Irin wannan ba ya shan fitsari, sai dai ya riƙe zafi. Gane shi ba wuya. A zaro zare ɗaya daga bakin yadin a kanga masa ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi, da wari kamar na takarda. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta zama wani baƙin tsakuwa mai tauri.

Sai ruwa. Nan ne zamanmu a Sharaɗa ya sha bamban da zaman ƙauye. Bompai ce unguwar masana'antu ta fari a Kano, tun kafin a sami mulkin kai a 1960. Sharaɗa da Challawa daga baya suka taso, bayan an kafa Jihar Kano a 1967. Cikin masana'antun nan akwai masu jimar fata da dama. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Na kamfani kuwa da magunguna masu ƙarfi suke yi, cikinsu har da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam. Shekara da shekaru ruwan da ke fitowa daga masana'antun Sharaɗa yana bi ta rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi ta Getsi ya haɗu da Jakara. Ba sai mun kwatanta muku launinsa da warinsa ba, kuna wucewa ta wajen kullum.

Kada a wanke tsumman jariri da ruwan rafin nan, ko da ya kwanta ya yi kamar garau. Haka kuma rijiyar da ke dab da magudanar kamfani, in ruwanta ya sake launi ko yana wari, a bar ta. Wata ta ce mana, "Ai ni ina tafasawa." Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, domin su masu rai ne. Ƙarfe kuwa ba shi da rai, wuta ba ta kashe shi. In ma ruwan ya daɗe a kan wuta ya ragu, abin da ke cikinsa ƙara kauri yake yi. Masu aikin jima da ke zaune a nan sun san abin da magungunan nan ke yi wa hannun ƙato, balle fatar ɗan kwana bakwai. Ku kuma yi hattara da shuɗɗan duro da jarkokin da ake sayarwa da araha bayan an juye abin da ke cikinsu a kamfani. Wanda ba a san abin da aka taɓa zuba masa ba, kada a jiƙa kayan jariri a ciki.

Mun san ruwa na kuɗi ne a unguwar nan. Wanda famfo bai zo gidansa ba, wajen 'yan garuwa yake saye, jarka-jarka. To, dabara ita ce a rage dauɗar tun kafin ta shiga baho. Da an kwance wa yaro, a kankare kashin a zuba a masai, a ɗauraye wurin da ɗan ruwa a buta, shi ma a masai. Ba a tsakar gida ba, ba a kwata ba. Akwai masu cewa kashin jariri ba ya cutarwa tun da nono kaɗai yake sha. Wannan ba haka ba ne. Ta kashin yara cutar shan inna take yawo. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano, a Sumaila ne cikin 2014, sai a 2020 aka shaida Nijeriya ta rabu da ita, bayan wahala mai yawa. Ta kashi kuma amai da gudawa ke yaɗuwa, kun tuna annobar 2021, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, Kano tana cikin jihohin da ta fi taɓawa. Haka ƙwayar rota mai sa jarirai zawo, wadda aka shigar da rigakafinta cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2022. Saboda haka duk wadda ta taɓa tsumma mai kashi ta wanke hannu da sabulu kafin ta ba da nono ko ta taɓa tukunya.

Bayan an ɗauraye, a jefa shi cikin bokiti mai murfi, wanda ba a yin wani aiki da shi. Kada ya wuce kwana ɗaya a ciki. A ɗora bokitin inda mai rarrafe ba zai kai ba, domin yaro yakan leƙa bokiti kansa ya rinjaye shi, ruwan da bai kai kamu ɗaya ba ya halaka shi, ba kuwa za a ji ko kukansa ba. A wanke da sabulu ko omo daidai kima. Sabulun soda mai cin hannu ba na kayan jariri ba ne. Bula da sitaci ma a bar su ga rigar maigida. Sa'an nan a ɗauraye har sai ruwan ya daina kumfa, don sauran sabulu in ya bushe a cikin zare, da yaro ya yi fitsari sai ya narke a kan fatarsa. Ruwan ɗauraya ta ƙarshe ba asara ba ne, da shi za a wanke masai. Mai sa bilic ta ɗiga kaɗan cikin ruwa mai yawa, bayan ta fitar da fitsarin tukuna, kada kuma ta gauraya shi da wani maganin wanki, don haɗin yakan tayar da iska mai shaƙe numfashi.

Ga wata sa'a da muke da ita. Kwana 40 na farko, safe da yamma, ana hura wutar wankan jego. In an sauke ruwan mai jego, garwashin yana nan da ƙarfinsa. A ɗora wata tsohuwar tukunya da aka keɓe, a zuba wankakkun tsummoki su tafasa minti 10. Ba a ƙara ko itace ɗaya ba. Bayan arba'in ma a riƙa yi ko da sau ɗaya a mako, kullum kuwa in yaro yana zawo.

To, mun zo kan shanya. Ku riƙe wannan: ƙyallen da bai bushe ba, bai gama wankuwa ba. Sabulu yana fitar da dauɗa, amma ba ya fitar da ƙwayoyin cuta duka. Waɗanda suka rage, laima suke so da ɗumi da duhu. In sun samu, kafin gari ya waye sun hayayyafa. Rana kuwa abokiyar gabarsu ce. Cikin haskenta akwai wani irin haske da ido ba ya gani, shi ke ƙona su, iska kuma ta kwashe laimar da suke rayuwa a ciki. A ƙasashen sanyi irin su Ingila, mutane injin busar da tufafi suke saye da kuɗi mai yawa, su kuma biya kuɗin wuta. Mu a Kano kyauta aka ba mu. Ku gwada da kanku. Tabon nan rawaya na kashin mai shan nono, wanda sabulu ya kasa, ku shanya shi da danshinsa a rana tsaka, ku komo bayan azahar ku nemi tabon.

A kan igiya ake shanya, igiya mai tsawo da aka ɗaure sama da kan akuya. Wannan aikin maigida ne: igiya ɗaya, ƙusa biyu. Waya mai tsatsa tana bar wa ƙyalle tabon da ba ya fita, a guje ta. A girgiza kowane ƙyalle, a baza shi shi kaɗai, kada a ninka, kada a ɗora wani kan wani. A goge igiyar da ɗanyen tsumma kafin a shanya, don ƙurar jiya tana kanta. In gidan yana bakin hanyar da tireloli ke bi, a ɗaura igiyar can ciki, nesa da katangar titi. In hayaƙin kamfani ko na bola ya juyo wajenku, gara a dakata ya lafa.

Muna roƙonku kada a shanya a ƙasa, ko kan ciyawa, ko kan yashin magina. Ba don kaji da ƙadangaru kaɗai ba. Akwai wani ƙuda, ya ɗan fi ƙudan gida girma, launinsa ruwan ƙasa-ƙasa, likitoci suna kiransa ƙudan tumbu. Macen tana neman ƙasa mai inuwa wadda fitsari ko kashi ya taɓa, ko ɗanyen ƙyalle mai sauran zarni, ta zuba ƙwai. Cikin kwana 1 zuwa 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa da ido ba ya lura da ita. Tana iya jira fiye da mako guda ba ci ba sha. Da an ɗaura wa yaro ƙyallen, sai ɗumin jiki ya tashe ta, ta huda fata ta shige. Bayan 'yan kwanaki sai a ga wani abu kamar maruru a ɗuwawun yaro ko bayansa, da ɗan rami a tsakiya, yaro yana ta kuka ba a san dalili ba. Ta ramin nan tsutsar ke numfashi. Kada a matse da ƙarfi, kada a tsaga da reza. A toshe ramin da basilin, in ta rasa iska sai ta leƙo, ma'aikacin lafiya ya zare ta ya wanke wurin. Ƙudan nan da damina ya fi yawa, ba ya kuwa son rana tsaka.

Kowane lokaci na shekara da irin shanyarsa. Da hunturu ƙyalle ba ya daɗewa ya bushe, amma ƙura ce abokiyar faɗa. Da ya bushe a kwashe, a kakkaɓe, a murza shi tsakanin hannuwa don ya yi laushi, domin iskar hunturu tana mai da tawul kamar busasshiyar fata. Da bazara ranar takan wuce misali. Auduga ba ruwanta, amma wandon roba da ake sawa a bisa, da nafkin ɗin zamani mai maɓalli da leda a baya, a inuwa mai iska za a shanya su. Rana tana tsattsaga leda, tana kashe robar ƙugu. Su ba a tafasa su, ba a kuma goge su.

Damina ce mai wuya, tun ba watan Agusta ba, sa'ad da akan yi kwana biyu ba a ga rana sosai ba. Wata damina mun shiga wani gidan haya a nan unguwar, ɗaki 8, igiyar shanya ɗaya. Rigunan maza sun cika ta. Wata yarinya mai ɗan fari, da muka tambaye ta ina tsummokin yaro, sai ta sunkuyar da kai. Ashe a bayan ƙofa ta rataye su, waɗansu a ƙarƙashin gado. Kunya take ji ta baza su a tsakar gida surukai suna gani. Da ta ɗauko, sun yi baƙaƙen ɗige-ɗigen fumfuna, cinyoyin yaro kuwa sun yi jawur sun saɓule. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ba mu zo mu rushe ta ba. Amma a nan uwar miji da sauran manyan mata ya kamata su shiga, su ce, "Kawo nan, 'yar nan," su shanya da hannunsu. Masu haya kuma su haɗa kuɗi su ƙara igiya ta biyu, a ce wannan ta jarirai ce. Riga tana iya jira, tsumma ba ya jira.

In ruwa ya hana shanya a waje, a matse ƙyalle sosai, a ɗaura igiya a ƙarƙashin rumfa ko baranda inda iska ke ratsawa. In dole sai cikin ɗaki, a buɗe taga da ƙofa. Kada a rufe ɗaki a hura gawayi don a busar da kaya, ga jariri kwance. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari, marar launi, wadda ke kashe mutum cikin barci. Kada kuma a rataya ƙyalle a bisa murhu ko risho. Wannan ne ya sa muka ce a ƙara dozin guda da damina, don uwa ta sami na sawa ba tare da ta kwaso ɗanye ba. Tsofaffi sukan hana a bar kayan jariri su kwana a waje. Kowane ne dalilinsu, muna bayansu, domin raɓa tana mayar da laima, da sassafe kuma ƙuda ke fitowa.

Yaya za a san ya bushe? Ba a tsakiya ake taɓawa ba. A taɓa bakin da aka kalmashe, a kanga shi a kunci. In akwai sanyi, da saura. A kuma sansana. Busasshen ƙyalle mai tsabta ba shi da wari ko kaɗan. In akwai zarni, wanki bai yi ba, a mayar da shi baho. Kada a turara shi da turaren wuta don a rufe warin. Zarnin nan shi ne abin da ke cin fatar yaro, yana tasowa ne sa'ad da ƙwayoyin da ke cikin kashi suka sami fitsari. In fata ta riga ta yi ja, a wanke da ruwa zalla, a bar yaro ya sha iska ba ɗauri, a shafa man kaɗanya ko basilin. Ban da hoda, ban da man nan na kemis da mata ke haɗawa don hasken fata. In an kwana 3 bai yi sauƙi ba, a kai shi a duba.

Sa'an nan guga. Wata za ta ce wa zai ga gugar tsumma? Ba don ado ba ne. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan ƙudan nan da tsutsarsa, yana kuma ƙarasa busar da laimar da ta ɓuya. A goge ciki da baya, a danna bakin sosai. In an ɗauke wuta, dutsen gawayi ya fi ma nauyi da zafi, sai dai a yi shi a waje, a kuma goge ƙasansa don toka.

Yanzu sai ajiya, kuma muna so kowa ya kasa kunne, maza da mata, don abin da za mu faɗa ya shafi rai. Galibi tun ciki yana wata 7 ake soma tara kayan haihuwa. A wanke, a ninke, a jera cikin akwati, sa'an nan a watsa kafur, fararen ƙwallayen nan masu ƙamshi, don kyankyaso da asu. Da kyakkyawar niyya ake yi. Amma yawancin kafur ɗin kasuwa da wani magani ake yinsa mai suna naftalin. Kun lura ƙwallon yana ƙanƙancewa har ya ɓace? Ba ɓacewa ya yi ba, iska ya zama ya shiga cikin zaren tufafi. In an sa wa jariri, sai ya shaƙa, ya kuma shiga ta fatarsa, tun ba in an shafe shi da mai ba.

Ga inda hatsarin yake. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai tsare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna kiransa G6PD. Gado ne, ba kuwa sikila ba ce. Ya fi samun maza, ta wajen uwa yake zuwa wa ɗa namiji. A Nijeriya kimanin namiji ɗaya cikin 5 ko 6 yana da wannan ƙaranci. Ku dubi ajin nan. In maza sun kai 30, ba mamaki 5 ko 6 suna da shi, lafiyarsu lau, ba su ma sani ba. Amma jariri mai irin wannan jini in ya gamu da naftalin, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su yi ta fashewa. Abin da ke fita daga cikinsu rawaya ne, hantar jariri kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi duka ba. Shi ne shawara. In ta yi yawa sai ta hau ƙwaƙwalwa. Wani yaron ya rasu, wani ya rayu kurma, wani ya girma wuyansa bai tsaya ba. Tun 2008 Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kafur. A nan yana nan a faranti, ana tallarsa. Tun da uwa ba ta san irin jinin da ɗanta zai zo da shi ba, hanya ɗaya ce: kada kafur ya shiga akwatin jariri, kada ma ya shiga ɗakin mai jego.

Wadda ta riga ta sa, yau in ta koma gida ta fitar da shi ta jefa inda yara ba za su tsinta ba, don sukan ɗauka alewa ce. Kayan kuwa wanki ɗaya ba ya isa, domin naftalin ba ya narkewa a ruwa. A baza su a rana da iska kwana da kwanaki, a wanke, a sake shanyawa, har sai an sansana ba a ji kome ba. Akwatin ma a buɗe shi a rana. Haka za a yi wa kayan da dangi suka kawo na barka, da na gwanjo, da waɗanda aka aro daga wajen yaya ko ƙanwa.

Mako biyu na farko, kowace safiya, a fito da jariri bakin ƙofa inda haske yake, a duba farin idonsa da dasashinsa. A danna goshinsa ko hancinsa da yatsa a saki, a ga launin wurin. Jarirai da yawa sukan yi 'yar shawara daga kwana na 2 ko na 3, ta wuce da kanta, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi wadda za ta wuce. In ta fito tun ranar haihuwa, ko ta sauko ciki da ƙafafu, ko yaro ya ƙi nono, ko yana wani siririn kuka yana banƙarewa, a ranar za a tafi, kada a ce sai an yi suna. Asibitin Murtala yana nan, Asibitin Malam Aminu Kano yana nan. A can akwai fitila mai shuɗin haske da ake kwantar da yaro a ƙarƙashinta, tana narkar da rawayar nan kamar yadda rana ke cinye tabo a kan tsumma. Amma kada wata ta ji haka ta shanya ɗanta a rana. Zafi zai ƙona shi, ya kuma ƙafar da ruwan jikinsa. Jiƙo da ruwan sukari ma ba sa maganinta.

To, in ba kafur, me zai hana ƙwari? Asu ulu yake so, bai cika damuwa da auduga mai tsabta ba. Kyankyaso kuwa ragowar nono da laima ke kawo shi. A sami kwando mai murfi, ko akwati, ko kwalla mai tsabta, a keɓe ta ga tsummoki kaɗai. A ɗora ta a kan kujera ko kanta, kada ta taɓa daɓen ƙasa, kada ta jingina da bango mai tsattsafo. Kada a ƙulle su a leda, don leda tana riƙe gumi ta jawo fumfuna. Kada a fesa musu fiya-fiya ko maganin sauro. In za a yi feshi a ɗaki, a fitar da kwandon tare da yaron. Wanda aka goge yau a sa shi ƙasa, a ɗauki na sama, don kowane ya sami zagayensa, kada waɗansu su tsufa waɗansu suna kwance.

Iyayenmu sun iya ɗora yaro a kan ƙafa tun yana ƙarami, daga nan a koya masa fo. Wannan dabara tana rage wanki ƙwarai, kada a yar da ita. Ran da yaro ya bar tsumma, a tafasa su duka, a shanya yini guda cur, a goge, a ɗaure cikin tsohon zane. Kowane wata biyu ko uku a kwance a nuna musu rana, tun ba bayan damina ba. Waɗanda suka yi tauri ko suka yage, a mai da su na goge ɗaki, ban da madafa. Masu kyau kuwa za su jira ƙane ko ƙanwa, in cikin ya kai wata 8 a fito da su a sake wankewa.

Mun zo da ƙyalle iri biyu da kwalin ashana. Mata su fara matsowa, kowace ta zari zare ta gwada da hannunta, sa'an nan maza. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, muna nan har a gama.